Masu Tada Mutane Daga Barci a Ƙasar Ingila

Duk ɗalibin da ya ɗanɗani nahawu a zaure kafin ya shiga makarantar boko, ba zai sha wahala ba ranar da malamin Turanci ya tsaya rarrabe masa tsakanin kalmomin nan biyu masu kama da juna, “rise” da “raise”, domin tun yana yaro aka sanar da shi cewa fi'ili iri biyu ne: akwai lazimi, wanda aikinsa ke tsayawa a kan mai yinsa, akwai kuma muta'addi, wanda ke ƙetarewa ya faɗa kan wani. Ta farkon ita ce mutum ya tashi da kansa, ta biyun kuwa a tashe shi ko a ɗaga shi, kamar dai yadda Larabawa suka fitar da “aƙama” daga “ƙama”, har muka sami iƙamar salla da ranar alƙiyama daga tushe guda, kuma kamar yadda mu ma muke da tashi da tayarwa.

Turawa sun ɗora wa kalmar farkon nan kaya mai yawa. Da ita suke faɗin fitowar rana, da kumburin ƙullin burodi, da cikar kogi, da hawan farashi. Da ita ake umartar jama'a su miƙe in alƙali ya shigo kotu, da ita kuma ake cewa majalisar dokoki ta kammala zamanta na yini. Haka nan daga gare ta suka samo sunan boren talakawa, irin wanda manoman Ingila suka yi a 1381, da wanda mutanen Dablin suka yi wa mulkin Birtaniya a 1916. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, shi da kasuwa ke tashi a bakinsa, hankali ya tashi, gari ya tashi, jirgi ya tashi, kaya su tashi. Asalin “rise” tsohuwar kalma ce, “risan”, wadda ke cikin luggar Turawan tun fiye da shekara 1000 da suka wuce. 'Yar'uwarta ta biyu kuwa baƙuwa ce, mayaƙan teku na ƙasashen Denmak da Norwe ne suka zo da ita, waɗanda babbar rundunarsu ta sauka Ingila a 865, ta ci birnin York a 866, ta zaune arewa da gabashin ƙasar, aka yi auratayya, harsuna suka cuɗanya, har kalmarsu “reisa” ta fara bayyana a rubutun Turanci wajen shekara ta 1200, ta ture 'yar gida “rear” ta bar mata renon yara da kiwon dabbobi. Su ne kuma suka bar kalmar “get”, wadda a yau talaka ke haɗa ta da “up” in yana nufin tashi daga shimfiɗa.

To, a kan wannan ma'ana ta ƙarshe, wadda ta fi kowace sauƙi, nake so in tsaya, domin an yi wani zamani a Ingila, na shekara fiye da 100, da tashi daga barci ya bar babin lazimi ya koma babin muta'addi ga ɗimbin mutane, har ya zama mutum ba ya amince wa idonsa, sai ya ɗauki wani ijara, ya biya shi daga guminsa, don ya zo cikin duhu ya tashe shi. Mai wannan sana'a suna kiransa “knocker-up”, wato mai ƙwanƙwasawa ya tayar.

Kafin zuwan inji, Baturen ƙauye yana tashi ne kamar yadda manomi ke tashi ko'ina a duniya, da carar zakara, da kukan saniya mai jiran tatsa, da hasken gabas, da ƙararrawar majami'a. Masaƙi kuwa a ɗakinsa yake saƙa, in ya ga dama ya yi sammako, in ya ga dama ya makara ya rama da dare, ba mai tambayarsa sai ranar kai kaya. Wani masanin tarihi na Amurka, Roger Ekirch, ya tattaro shaidu masu yawa da ke nuna cewa mutanen wancan zamani barci biyu suke yi a dare guda, su kwanta da wuri, su farka tsakar dare su yi addu'a ko hira ko ɗan aiki, sa'an nan su koma na biyu har wayewar gari, al'amarin da masu ƙiyamul laili a cikinmu za su gane shi ba tare da sharhi ba. Lokaci a wurinsu shimfiɗaɗɗe ne, ana auna shi da aiki, ba a yanka shi minti-minti.

A 1771 Richard Arkwright ya kafa masana'antarsa ta kaɗin auduga a Cromford, wadda ruwa ke juya injinanta dare da rana, ma'aikata kashi biyu, waɗansu na fita waɗansu na shiga. Ana kaɗa ƙararrawa da ƙarfe 5, a rufe ƙofa da ƙarfe 6, wanda ya makara kuwa ya yi asarar ladansa. Daga nan abin ya bazu, injin tururi ya shigo, masaƙu suka tsiro a lardin Lankashaya kamar ciyawar damina, har birnin Manchesta, wanda mutanensa ba su wuce kimanin 70,000 ba a 1801, ya haura 300,000 a 1851. Hikimar mai masaƙa a bayyane take: inji ɗaya ne ke juya ɗaruruwan na'urori, kwal yana ci ko da ma'aikaci ko babu, saboda haka rashin mutum ɗaya a gurbinsa asara ce da za a iya lissafawa da kwabo. Sai aka ƙirƙiro tara. Friedrich Engels, wanda ya zauna a Manchesta daga 1842 zuwa 1844 yana aiki a kamfanin auduga da mahaifinsa ke da hannu a ciki, ya ba da labari a littafinsa na 1845 cewa akan tura agogon masaƙa gaba da kwata, ma'aikata su iso su tarar an rufe ƙofa, alhali akawu yana zagayawa a ciki da littafin tara yana rubuta sunayen waɗanda ba su nan. Wannan zalunci ne tsantsa, tauye mudu ne da aka mayar kan lokaci, kuma abin da ya sa ya yiwu shi ne wanda ake cuta ba shi da ma'aunin da zai kafa hujja da shi.

Dalili kuwa, agogo a lokacin kayan masu hali ne. Hukuma ma da kanta ta shaida haka, domin a 1797 ta ɗora haraji a kansa, sule 5 a shekara ga agogon bango, sule 10 ga na aljihu na zinariya, sai da sana'ar maƙeran agogo ta kusa durƙushewa aka soke dokar a 1798. Agogo mai ƙararrawa da mutum zai saita wa lokacin da yake so kuwa, sai a 1847 wani Bafaranshe, Antoine Redier, ya sami rajistar ƙirarsa, kamfanin Seth Thomas na Amurka ya biyo baya da nasa a 1876, kuma an daɗe bayan haka kafin ya yi arahar da mace mai saƙa za ta saya, ya kuma yi ingancin da za ta jingina abincin 'ya'yanta a kansa. Ga kuma wata matsala da mu mutanen ƙasashen rana ba mu cika tunawa da ita ba: a Manchesta, cikin watan Disamba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, ta kuma faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, alhali a watan Yuni tun kafin ƙarfe 5 gari ya waye tangaran. Wanda aka ce ya kasance bakin inji da ƙarfe 6 cikin hunturu, bayan ya yi awa 12 ko fiye a tsaye jiya, babu alfijir da zai taimake shi, babu zakara a lungun da yake, sai duhu da sanyi da gajiya.

A nan ne waɗansu matalauta suka ga ƙofar abinci. Galibinsu tsofaffi ne da ƙarfinsu ya gaza ga masaƙa, da mata waɗanda mazansu suka mutu suka bar su da yara, da waɗanda inji ya naƙasa. Duk jarin da sana'ar ke bukata shi ne agogo ɗaya amintacce, da sanda, da fitila, da haƙurin hana ido barci. Da yawansu ba sa kwanciya da dare sam, gudun kada su ma barci ya sace su, sai sun gama zagaye su dawo su yi nasu da rana.

Da farko ƙofa suke bugawa da ƙarfi, ko su ja ƙararrawar gida, sai abin ya haifar da fitina ta fuska biyu: maƙwabcin da bai nemi a tashe shi ba yana faɗa, maƙwabcin da yake so a tashe shi kuwa yana samun biyan bukata kyauta, ya ƙi biyan ko anini. Sai suka koma ga dabara. Gidajen ma'aikata a jere suke, bango ɗaya ya haɗa wannan da wancan, ɗakin kwana yana bene, tagarsa tana duban titi. Saboda haka suka nemi doguwar gora marar nauyi, mai kama da sandar kamun kifi, suka ɗaura 'yan wayoyi a kanta, ta yadda in an goga ta a jikin gilashi za ta yi ƙara siririya, wadda ta isa ta shiga kunnen na ciki, ba ta isa ta ƙetare bango ba. Mai karatu ya kwatanta abin a ransa: ƙarfe 5 saura kaɗan na asuba, hazo ya gauraya da hayaƙin kwal, fitilar gas tana ci sama-sama a ƙarshen layi, ga tsohuwa lulluɓe da mayafin ulu, ta dafe gora da hannu biyu, ta ɗaga kai tana lalubar taga ta uku daga kusurwa. Ta ƙwanƙwasa sau uku ko huɗu, ta dakata. Waɗansu daga nan suke wucewa, amma masu cika aiki ba sa gusawa sai labule ya motsa, ko an buga gilashin daga ciki, ko wata murya mai nauyin barci ta amsa. Bayan rabin awa sai titin da ya yi tsit ya cika da ƙarar takalman katako a kan duwatsun daɓe, maza da mata da yara suna gangarawa masaƙa, ita kuwa ta saɓa gorarta ta nufi wata unguwa.

Ladan 'yan kwabbai ne a mako, yana hawa gwargwadon tsananin sammako da nisan gida, wanda za a tasa ƙarfe 3 ya fi wanda za a tasa ƙarfe 6 biya. Kuɗin nan kuwa kakanninmu sun san su sarai, domin su ne kwabo da taro da sisi da sule da aka kashe a kasuwanninmu har zuwa 1973. Abin da ke taɓa zuciyata a cikin wannan lissafi shi ne, mai masaƙa ne ke bukatar mutum ya zo kan kari, shi ke cin ribar zuwan, amma galibi ma'aikacin ne ke yankar abin da zai saya wa iyalinsa burodi ya biya mai tashinsa, domin sisi a mako ya fi sauƙi a kan tara, tara kuma ta fi sauƙi a kan kora. Talaka ne ke ciyar da talaka ɗan'uwansa don dukiyar mawadaci ta tafi daidai. Duk da haka ban ga ƙasƙanci a sana'ar ba ko kaɗan, domin in aka duba ta da idon fukaha'u, ijara ce sahihiya wadda aka gina kacokan a kan amana: mutum ya miƙa wa wani abincin gidansa ya rufe ido, ba takarda, ba shaidu, wancan kuma ya fito cikin ruwa da ƙanƙara, dare bayan dare, shekara da shekaru, da sanin cewa ranar da ya yi sakaci gidaje da yawa za su kwana da yunwa. Ba kowane mai babbar riga ne zai iya riƙe amana irin wannan ba.

Kowane yanki da irin tasa dabarar. A garuruwan masu haƙar kwal na lardin Durham, kamar Ferryhill, inda lokacin shiga rami ke sauyawa daga mako zuwa mako, an manna allon dutse a bangon gida kusa da ƙofa, mai gida ya rubuta da alli ƙarfe nawa yake so a tashe shi kafin ya kwanta, mai tashi ya haska fitila ya karanta, ba sai an yi magana ba. Kamfanonin jirgin ƙasa kuwa da kansu suke aika yara masu koyon aiki su taso direbobi da masu zuba kwal a tsakar dare. A birnin Landan, wajen tashoshin jiragen ruwa, inda aikin 'yan dako ke bin cikowar teku da janyewarta, har 'yan sanda masu sintirin dare sun shiga sana'ar don ƙarin abin masarufi. Shaidar haka ta fito ta wata hanya mai ban tausayi: da asubahin 31 ga Agusta 1888, lokacin da waɗansu mutum biyu masu tafiya wurin aiki suka ga Mary Ann Nichols kwance a wani lungu na unguwar Whitechapel, ita ce ake lissafawa ta farko cikin matan da wani makashi da ba a taɓa kamawa ba ya hallaka, ɗan sandan da suka fara cin karo da shi, Jonas Mizen, yana tsakiyar ƙwanƙwasa ƙofofi ne yana tada mutane, kuma sai da aka yi masa tambaya a kan haka a zaman binciken mutuwar.

Wadda ta fi kowa shahara a cikin masu wannan sana'a ita ce Mary Smith ta unguwar Limehouse a gabashin Landan, wadda ta yar da gora ta ɗauki wani siririn bututu, tana cusa busasshen wake a baki tana hurawa, ƙwayar ta tashi ta bugi gilashin bene, a kan sisi a mako. Wajen 1930 wani ɗan sanda mai sha'awar ɗaukar hoto, John Topham, ya ɗauke ta tana tsaye a titi, ta ɗaga kai, bututu a baki, ya sayar wa jaridar Daily Mirror a kan kimanin fam 5, abin da ya ƙarfafa masa guiwa ya bar aikin ɗan sanda ya zama mai hoto. Fam 5 kuwa sisi 200 ke nan, wato abin da gida ɗaya zai biya ta cikin kusan shekara 4 na fitar asuba.

Tada mai barci don lada ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Tun zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Bilal yana kiran salla da sauran dare don mai barci ya farka, mai tsayuwa ya huta, kafin kiran Ibn Ummi Maktum na fitowar alfijir. A Misira akwai mai zagaya unguwa da ɗan ganga cikin Ramadan yana kiran mutane da sunayensu su tashi sahur, a ba shi alheri ranar salla. Tashenmu ma, da ake farawa bayan azumi ya kai 10, masana da yawa sun tafi a kan cewa daga tashi sunansa ya fito, kuma tada mutane sahur ne asalinsa kafin wasa ya rinjaye shi. Sai dai bambancin yana da girma. Namu na wata ɗaya ne a shekara, da kiɗa da raha, ana tada kowa da kowa don ibada, kuma lokacinsa yana bin sama. Nasu na kowace rana ne in ban da Lahadi, a ɓoye ake yinsa taga-taga don kada wanda bai biya ba ya amfana, kuma lokacinsa yana bin agogon mai inji.

Ba a nan kaɗai labarin ya taɓa mu ba. Akoko da alawayyo da suka cika kantunanmu a zamanin Turawa, yawancinsu daga masaƙun Lankashaya suka fito, daga hannun mutanen nan da ake tasa da gora. Kuma don ciyar da injinan nan ne aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a Manchesta a 1902, wadda ta ƙwallafa rai a kan audugar Arewa, ta goyi bayan shimfiɗa hanyar jirgin da ta isa Kano a 1911, ko da yake manoman Kano gyaɗa suka zaɓa. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, da haɗin guiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin saƙa na Lankashaya, David Whitehead, tsarin nan na aiki kashi-kashi, da jiniya, da rufe ƙofa, shi ma ya iso unguwar Kakuri tare da injinan.

A Ingila kuwa sana'ar ta yi ta ja da baya a hankali, ba wata doka da ta hana ta. Agogo mai ƙararrawa ya yi araha, lantarki ya shiga gidaje, rediyo ya zo yana faɗin lokaci, masaƙun da kansu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda gasar Indiya da Japan. Zuwa shekarun 1940 da 1950 ta ƙare a yawancin garuruwa, sai ɗaiɗaikun unguwanni a arewacin ƙasar inda waɗansu tsofaffi suka riƙe ta har farkon shekarun 1970, suna zagaya 'yan gidajen da suka saba da su. A waɗansu tsofaffin layukan Ferryhill, allunan dutsen nan sun daɗe manne a bango kusa da ƙofa bayan an rufe ramukan kwal ɗin, ba alli a jikinsu.